Ɗigon Fensir

Ofishina na hawa na huɗu, a Milwaukee.
Tagarsa ba ta buɗuwa tun kafin a ɗauke ni aiki.
Daga nan nake hango bas
tana sauke masu zuwa da ƙorafinsu cikin jakar leda.

Odessa Whitlow ta zo wata Talata,
ƙanƙara na narkewa a kafaɗar kwat ɗinta.
Ta ce, "A waya ya ce ɗakin yana nan.
Da na isa, ya dube ni, ya dubi ɗana,
ya ce yanzun nan aka kama."
Ba ta yi kuka ba. Ruwa ta nema.

Kowa ya san abin da ya faru.
Amma sani daban, hujja daban;
alƙali ba ya shari'a da kallon da aka yi maka a bakin ƙofa.

Sai muka tura mutum biyu,
albashi ɗaya, sana'a ɗaya, har takalmi kusan iri ɗaya.
Baƙin ya shiga ƙarfe goma, aka ce babu.
Farin ya shiga sha ɗaya saura kwata,
aka ba shi kofi,
aka nuna masa inda hantsi ke faɗowa a kicin.

Kwali goma sha ɗaya na takardu suka aiko mana,
irin aiken da ake yi don a binne ka da rai.
Kwana tara ina juya shafi har fatar yatsana ta tsage.
Can na gan shi:
ɗigo, bai kai ƙwayar riɗi ba,
na fensir, a kusurwar fom.
Fom ɗari biyu da shida masu ɗigo,
babu guda da ya kai ga makulli.

Mai gidajen, Vandersteen, dattijo ne mai fara'a.
Da aka tafi hutu har ya riƙe mini ƙofa.
Ya ce fensirin na sakatariyarsa ne,
ita kuwa bara ta rasu.
Mamaci ba ya musu.

Ran da na miƙe a kotu na ce,
"Ina tsaye a madadin gwamnati,"
harshena ya yi nauyi.
Kakata Eulalie ta nemi rancen gida a garin nan,
wani mai tsayawa a madadin gwamnati
ya riga ya zagaye unguwarta da jan layi a taswira.
Hatimin da ya hana ta,
shi ne yau a wuyana, rataye da shuɗiyar igiya.
Ban san ko dariya za ta yi ba.

Shekara uku. Aka yi sulhu.
Ya biya, bai amsa laifi ba;
lauyansa ya cinye mana awa biyu a kan waƙafi guda.
Odessa ta daɗe da komawa Racine, ɗakin ƙanwarta.
Yaron da aka yi wa kallon nan ya fi ta tsawo.
Na buga mata waya, na faɗi kuɗin.
Ta ce, "Ɗakin fa? Mai taga a kicin?"
Na ce tuntuni wasu ke ciki.
Na ji tukunya na tafasa a bayanta.
Ta ce, "To. Na gode, Lauya."

Litinin, takarda ta sauko daga sama:
kasafi ya ragu, mu biyar mun koma uku.
A duba fayiloli, a ware waɗanda ba za mu iya ɗauka ba.
Shugabana ya leƙo, ya ce,
"Ba sai kin yi dogon rubutu ba.
Ki dai sa musu 'yar alama a gefe."

Na sama, na wani ne mai keken guragu
da matakala uku tsakaninsa da ƙofar gidansa.

Fensirin na hannuna.
A ƙasa, bas ta sake tsayawa.